Ɗalibaina sun haddace waƙa, amma sun ɗauki zugar makaɗi a matsayin tarihi

Malamar Tarihi:

Assalamu alaikum, malamai 'yan uwana. Shekarata goma sha ɗaya ina koyar da tarihi a sakandare, kuma tun makon jiya da na gama makin takardun gwaji akwai abin da ya tsaya mini a rai, shi ne na kawo gabanku.

Ajina ɗalibai 58 ne, darasin minti 40, kuma shi ne na ƙarshe kafin a tashi, lokacin da rana ta take, yunwa ta fara cin kowa. A zangon nan muna kan tsofaffin masarautu da yaƙe-yaƙensu. Da na gaji da ganin idanu na lumshewa, sai wata rana na zo da tsohuwar waƙar fada a wayata, wadda wani makaɗi ya yi wa zuriyar sarkin da muke karantawa. Ba ni da lasifika, don haka na jefa wayar cikin kofin silba na ɗora a kan tebur don sauti ya ƙaru. Wallahi ban taɓa jin ajin nan ya yi tsit irin na ranar ba. Akwai wata yarinya a bencin ƙarshe wadda tun farkon shekara ba na jin muryarta sai wajen kiran suna. Na hango ta tana buga gindin biro a kan benci daidai da kiɗan, leɓenta na motsi. Kafin mako ya zagayo sun riƙe sunayen sarakuna bakwai a jere, abin da na yi shekaru ina rubutawa a allo ana sharewa ana mantawa.

To ga inda gizo ke saƙar. A gwaji, fiye da rabin aji suka rubuta cewa sarkin bai taɓa ba da baya a fagen fama ba, alhali littafinmu ya faɗa ƙarara cewa an ci garinsa da yaƙi har ya yi gudun hijira. Yarinyar nan ta cika shafi guda da kyakkyawan rubutu, ta rufe da cewa "kamar yadda makaɗi ya faɗa". Na riƙe jan biro na daɗe ina kallon takardar. Na kasa sa mata sifili, na kuma kasa ba ta maki, domin ni na kawo musu waƙar, kuma ban ce musu uffan a kanta ba.

Shin in daina ne? Ko akwai wanda ya san yadda ake shigo da waƙa aji ba tare da ta haɗiye darasin ba?

Tsohon Hedimasta:

Wa alaikumus salam, 'yata. Kada ki daina, kuma kada ki sa wa yarinyar nan sifili. Ta kawo hujja, ta kuma faɗi bakin da ta ji ta, wannan rabin aikin masanin tarihi ke nan. Rabin da ya rage, wanda yake wuyanki, shi ne ki koya mata tuhumar mai ba da shaida. Makaɗin fada cinsa da suturarsa da abin hawansa duk suna hannun wanda yake wasawa. Ta yaya zai tsaya gaban jikan sarki ya ce kakanka ya gudu?

Lokacin da nake aji, da daular Mali nake koya wannan. Maroƙan Mande, wato mutanen daular, waɗanda suke kira jeli, su suka riƙe labarin wanda ya kafa ta, Sunjata Keita, da yaƙin Kirina na wajajen 1235, baki da baki, ɗaruruwan shekaru. A waƙarsu, abokin gabarsa Sumanguru matsafi ne da ƙarfe ba ya kama shi, sai da aka harbe shi da kibiya mai ƙahon ƙafar farin zakara. Babu masanin da zai rubuta wannan a matsayin abin da ya auku. Amma ga masanin tarihi Ibnu Khaldun, can a Arewacin Afirka a ƙarshen ƙarni na 14, ya ambaci sarkin Mali mai suna Mari Jata, wato Sunjata, wanda ya ci mutanen Susu, jama'ar Sumanguru, da yaƙi. Shaidu biyu da ba su san juna ba sun haɗu a kan ƙashin bayan labarin, sun rabu a kan adonsa. Sai in ce wa yara su ja layi ƙarƙashin inda aka haɗu.

Kuma adon ma ba shara ba ne. Matafiyin nan Ibnu Baɗuɗa da ya je Mali a 1352 ya ga mawaƙa ranar idi sanye da rigar gashin tsuntsu, suna tsaye gaban Mansa Sulaiman suna lissafa masa ayyukan alherin sarakunan da suka zauna kan wannan karaga kafin shi, suna cewa shi ma ya aikata abin da za a tuna shi da shi. Kin ga ashe yabon wani lokaci gargaɗi ne a naɗe cikin zuma. Idan makaɗinki ya ce kakan sarki bai taɓa gudu ba, tambayi yara: wa yake so ya ji, kuma me yake so ya yi?

Malam Na Aji Shida:

Malama, ni dabarata ita ce in zaɓi waƙar da aka san shekararta da dalilinta, in sa ta, sannan in bar abin da ya biyo baya ya yi magana. Wadda ta fi yi mini aiki ita ce Indépendance Cha Cha ta Joseph Kabasele na Kongo. An yi ta a farkon 1960 a Burasal, lokacin da 'yan siyasar Kongo ke zaman tattauna 'yancin kai da Beljiyam. A cikinta an jero sunayen shugabanni ana murna da su tare, har da Lumumba da Kasabubu da Combe. Ina rubuta sunayen uku a allo kafin in sa waƙar, in ce duk wanda ya ji suna ya ɗaga hannu. Ba sa jin Lingala, harshen waƙar, amma kunne ya buɗe.

Daga nan sai in rubuta ranaku uku. 30 ga Yuni 1960, 'yancin kai. 11 ga Yuli, Combe ya ɓalle da lardin Katanga. 17 ga Janairu 1961, an kashe Lumumba a Katangar. Sai in sake sa waƙar. A karo na biyun nan babu mai kaɗa kai. Wani yaro ya taɓa tambayata ko mawaƙin ƙarya ya yi. Na ce a'a, ya faɗi abin da mutane ke fata a watan da ya yi ta, kuma babu littafin da zai ba ka ɗanɗanon wannan fatan kamar yadda waƙar ta ba ka.

Shawara ɗaya: minti biyu zuwa uku sun isa. Idan kika bar waƙa ta kai ƙarshe, darasi ya tafi.

Abban Yara Huɗu:

Ni ba malami ba ne, uba ne, kuma ku yi haƙuri zan ɗan saɓa muku. Akwai iyaye da yawa, ina cikinsu, da ba su sakin jiki da a riƙa sa wa 'ya'yansu kiɗa a makaranta. Bayan haka jarrabawar ƙarshe ba ta tambayar waƙa. Idan manhaja ba ta ƙare ba, wa zai ɗauki asarar? Ba ina raina ƙoƙarinki ba ne, Malama, amma ya kamata a ji ta bakinmu.

Malamar Tarihi:

Abban yara, maganarka na kan hanya, kuma na gode da ka faɗe ta a fili. Kuskurena ne da ban sanar da shugaban makaranta da iyaye tun farko ba, kuma na gyara wannan. Amma ina so ka duba wani abu: abin da nake nema a aji baitin ne, ba gangar ba. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta rubuta waƙoƙi da Fulatanci da Hausa da Larabci, malamanta mata da ake kira jaji suka haddace suka kai wa matan karkara ta hanyar ƙungiyarta ta 'Yan Taru. A cikinsu akwai na addini, akwai na tarihin hijirar mahaifinta da yaƙe-yaƙensa. Ta san abin da aka rera ya fi zama a ƙirji fiye da abin da aka karanto. Ko babu kiɗa ko ɗaya, ana iya yin darasin da rubutaccen baiti da muryar ɗalibi.

Batun manhaja kuwa, sau uku kawai na ware a zango. Kuma tambayar da ke cewa a tattauna amfani da raunin tarihin baka tana cikin abin da muke koyarwa, yara kuma sun saba amsa ta da hadda ba tare da sun taɓa riƙe misali ɗaya a hannu ba.

Malam Na Aji Shida:

Ƙari a kan haka, taken ƙasa ba wanda ke jayayya da shi, kuma cike yake da tarihi. Na Afirka ta Kudu ya samo asali ne daga waƙar da wani malamin makaranta, Enoch Sontonga, ya tsara a 1897. Ta zama waƙar masu yaƙi da wariyar launin fata, sannan a 1997 aka haɗe ta da wani ɓangare na tsohon taken gwamnatin farar fata, ya zama take ɗaya mai harsuna biyar. Ki tambayi yara me ya sa waɗanda suka yi nasara ba su jefar da taken waɗanda suka zalunce su ba. Minti 40 ba za su ishe ki ba.

Malamar Tarihi:

Na dawo in ba ku labari. Baba Hedimasta, Allah ya ƙara girma, na bi shawararka. Jiya na mayar musu da takardunsu babu maki a kan wannan tambayar. Na raba allo gida biyu, hagu na rubuta baiti huɗu na makaɗin, dama na kwafo sakin layin littafi da ke maganar faɗuwar garin. Na ce su nemo inda aka haɗu da inda aka rabu. Sun gano sunayen sarakuna da jerinsu da sunan abokin gaba duk ɗaya ne, wajen sakamakon yaƙin ne kawai aka raba hanya.

Sai na tambaya: a gaban wa aka rera wannan waƙa? Aka yi shiru. Can sai yarinyar bencin ƙarshe ta ɗaga hannu, rabi-rabi, ta ce, "Malama, a gaban jikansa." Na ce to sai me? Ta ce, "Ai ba zai iya faɗa ba." Wani yaro daga gefen taga ya ce to shi wanda ya rubuta littafin fa, a gaban wa ya rubuta? Ban shirya wa wannan tambayar ba, kuma ta faranta mini rai ƙwarai. Na ce ya duba bangon littafin ya karanto mana sunan marubucin da shekarar bugu, mu fara daga nan. Muna cikin haka aka kaɗa ƙararrawa, ba wanda ya miƙe.

Na ba su damar sake amsa tambayar ranar Litinin. Malam, don Allah ka turo mini fassarar baitocin waƙar Kongo ɗin da kake amfani da ita, zango mai zuwa za mu shiga 'yancin kan ƙasashen Afirka.