Me kuke haɗa wa yara su sha a zafin nan?

Maman Iman: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah me kuke haɗa wa yara su sha? Nawa da sun dawo daga islamiyya sai lemon kwalba, ni kuma sukarin nan ya fara ba ni tsoro. Abu mai sauƙi nake so.

Anti Balki: Wa alaikumus salam. Kankana da kokwamba, ki markaɗa ki matsa rabin lemon tsami. Ko ƙwayar sukari ba ya so.

Ummu Sadik: Karas da lemon zaƙi da 'yar ɗanyar citta. Amma ki yanka karas ɗin ƙanana, kada ki kashe blandarki.

Hajiya Kaka: Ku 'yan zamani komai sai da blanda. Tsamiya fa? A jiƙa ta a ruwan ɗumi, a tace, a sa citta da kanumfari da 'yar mazarƙwaila. Da ita muka raini iyayenku.

Anti Balki: Hajiya mazarƙwailar ma ai sukari ce, mayafi kawai ta canza 😂

Hajiya Kaka: Balki zan haɗa ki da uwar mijinki.

Maman 'Yan Biyu: Ni dai kafin a yi nisa, ku ji tsoron ƙanƙara. Bara da sunan ƙanwata na kwana ina haɗa zoɓo, da ɓawon abarba na dafa shi, citta, kanumfari, na'a-na'a, har ruwan da na tsinka shi da shi sai da na tafasa. Ba wuta, aka aiki yaro ya sayo ƙanƙara a wani gida a bayan layinmu, aka fasa aka zuba a cikin kula. Kafin asuba gudawa da amai sun kwantar da yara, ɗaya daga cikin 'yan biyuna sai da aka sa masa ƙarin ruwa. Da aka bi diddigi ashe ruwan 'yan garuwa matar take ƙullawa a leda, rijiyar kuma ga ta ga masai. Sanyi ba ya kashe ƙwayar cutar taifot ko kwalara, tana nan daram har ƙanƙarar ta narke. Yanzu in dole ce, robar zoɓon nake rufewa in tsoma ta cikin ƙanƙarar, ba sa haɗuwa. Sannan garin ɗan tsamin nan da ake aunawa a ƙulla, ba ya shiga gidana. Kun manta mutanen da suka mutu a Kano a 2021, wasu suna fitsarin jini, har NAFDAC ta shiga maganar? Ga lemon tsami ga tsamiya, me ya yi zafi?

Ummu Sadik: Innalillahi. Allah ya ƙara tsarewa.

Amaryar Jos: Wai zafi ake yi? Mu nan da bargo muka kwana 🙈

Anti Balki: Admin a cire yarinyar nan. Muna fama da digiri 42 tana mana iyayi.

Maman Hanif: Kunun aya da dabino da kwakwa, ba sai an sa sukari ba, dabinon ya wadatar. Matsalarsa ɗaya, in babu firji kafin la'asar ya yi tsami.

Nas Rabi: Maman Iman, in kin markaɗa kada ki riƙa tacewa ki zubar da dusar, ita ce ke rage saurin hawan sukari a jini. Ruwan lemo zalla ma sukari ne, kofi ɗaya a rana ya ishi yaro, sauran ya sha ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi babba ma kada ya wuce kimanin ƙaramin cokali 12 na sukari a rana, in da hali 6. Jariri ɗan ƙasa da shekara ɗaya kuwa ba a ba shi zuma. Zoɓo yana saukar da hawan jini, mai shan magani da mai ciki su tambayi likita tukuna.

Hajiya Kaka: Haihuwata tara, duk da zoɓo.

Nas Rabi: Allah ya ƙara lafiya Hajiya, amma jiki da jiki.

Amaryar Jos: Mangwaro fa, ga shi ya cika kasuwa. Ki haɗa da gwanda.

Maman 'Yan Biyu: Ki dai shinshina tukuna, wasu da kabayid suke nunar da shi.

Maman Hanif: Wai cikinku wa ta je kasuwar 'Yan Lemo satin nan? Maigida ya ce kankana ta yi tashin gwauron zabi, ban sani ba ko shi ne ba ya son saya.

Anti Balki: Shi ne.

Ummu Sadik: Maman Hanif ayar taki busasshiya ce ko ɗanya? Tawa na jiƙa ta kwana ɗaya har yanzu kamar tsakuwa.