Harsashin 9mm da aka sake ɗurawa yana ƙin tashi: ina matsalar take?

Maharbin Ohio:
Salamu alaikum. Tambayata ga 'yan uwa da ke nan Amurka, inda doka ta yarda mutum ya sake ɗura kwanson harsashi don harbin wasa. Bindigar Glock 19 ce, firaima (ɗan ƙoƙon da ke gindin kwanso mai kunna albarushi) ta kamfanin CCI, lamba 500, kwanso kuma tsintar filin harbi. A cikin ɗari, uku ko huɗu sukan ƙi tashi, amma in aka mayar da su aka sake danna kunama sai su tashi. Na kanti ba ya yin haka. Me ya kamata a fara dubawa?

Kawun Dallas:
Wa alaikumus salam. Tashin da suke yi a bugu na biyu shi ne ya nuna inda laifin yake: firaimar ba ta zauna daram a gurbinta ba. A cikinta akwai ɗan ƙarfe mai ƙafafu da sai ya taka gindin gurbin kafin sinadarin ya matsu. In ta tsaya sama-sama, ƙarfin allurar bugu, wato tsinken bindigar da ke dukan firaima, yana ƙarewa ne wajen tura ta ciki, bugu na biyu kuma ya same ta a zaune. Ana so ta nutse ƙasa da gindin kwanson da kamar inci 0.003 zuwa 0.005. Ka tsayar da harsashin a kan gilashi; in yana rawa, ta fito waje. Ko ka shafa da ɗan yatsa, ya kamata ka ji ɗan rami.

Kwanson tsintuwa yakan haɗu da na soja, wanda aka matse bakin gurbinsa, ga kuma dattin ƙuna a ciki. Sai an gyara bakin an goge gurbin.

Gargaɗi: kada ka danna firaima a harsashin da ya riga ya sha albarushi. Ka cire kan harsashin tukuna, ka zazzage albarushin.

Hajiyar Tucson:
Kawu ya yi gaskiya, amma ka duba tabon allurar ma. In tabon bai yi zurfi ba, ka auna bakin kwanson. Harsashin 9mm da bakinsa yake tokare a cikin ɗakin bindigar, wato inda harsashi yake zama kafin a harba, don haka in matsar da ake yi wa bakin kwanson don ya riƙe kan harsashin ta yi yawa sai ya zurma gaba, allurar ta kasa cim masa sosai. Wajen inci 0.376 zuwa 0.378 ake nema. Sannan ramin da allurar Glock take bi ba ya son mai ko kaɗan, domin mai yana tara datti ya rage mata ƙarfi. Firaimar CCI ta fi ta kamfanin Federal tauri, shi ya sa ƙaramin aibi yake saurin bayyana da ita.

Malamin Fili:
Idan tabon ya yi zurfi amma shiru, laima ce ko mai: kwanson da aka wanke da ruwa bai bushe ba, ko man shafa kwanso ya taɓa firaimar. Duk lokacin da ya ƙi tashi, ka bar bakin bindigar yana kallon gaba har daƙiƙa 30 kafin ka buɗe, don wani yakan makara. In kuwa ka ji ƙara 'yar kaɗan ba jijjiga, ka tsaya nan take, ka cire komai, ka zura sanda a bututun. Mai yiwuwa kan harsashin ya maƙale a ciki, harba wani a bayansa kuwa yana iya fasa bututun a hannunka.