Tambaya daga Jidda: ta ina kuɗin cefane yake zurarewa kafin ƙarshen wata?

Maman Uku, Jidda:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar 'yan'uwa waɗanda suka riga mu daɗewa a wannan ƙasa, musamman matan da cefanen gida yake hannunsu. Shekarata ta huɗu ke nan a Jidda tare da maigida da 'ya'yanmu uku, kuma tun zuwana da wuya a sami watan da kuɗin abinci ya kai mu ranar albashi ba tare da mun taɓa abin da aka ware wa haya ba. Maigida yana aiki a wani kamfani mai zaman kansa, kuma da yake mu huɗu ne a ƙarƙashin iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa, kuɗin da ake biyan gwamnati a kan iyali, riyal 400 a kan kowane mutum duk wata, yana ɗauke riyal 1,600 tun kafin a sayi ƙwayar shinkafa. Wannan ba shi da ragi, haka nan haya da ake biya duk wata shida. Abin da ya rage a hannuna shi ne abinci, wuta, sabulu da sauran tarkacen gida, kuma a nan nake zargin kaina.

A ƙasan benenmu akwai baƙala, wato ƙaramin shagon kayan masarufi, kuma mai ita mutumin kirki ne, ya buɗe mana daftari muna ɗaukar kaya a biya ƙarshen wata. Watan jiya da maigida ya je biya, ya hawo da takardar a hannu bai ce komai ba, ya ajiye ta a kan firji ya wuce ɗaki. Da na duba jimlar sai da na nemi wuri na zauna, domin ban tuna mun sayi wani abin a zo a gani ba. Ga kuma baƙi daga gida da ba sa yankewa lokacin Umara, waɗanda ba zan iya tarbarsu da ruwa kawai ba. Ta ina ya kamata in fara, kuma me kuke yi a gidajenku wanda kuka ga amfaninsa da idonku?

Tsohuwar Makka:

Wa alaikumus salam, 'yata. Kafin ki nemi wata dabara, ki roƙi maigidanki ya biya mai baƙala haƙƙinsa, ya gode masa, a rufe daftarin nan. Ba don mutumin yana cutar ku ba, sai don kayan da ba a miƙa kuɗinsa hannu da hannu ba ba ya yi wa mai saye ciwo, kuma yaro da aka aika ya karɓo burodi ba zai dawo da burodi shi kaɗai ba. Na yi shekaru da irin wannan littafi, na san abin da nake faɗa. Baƙala ta abin gaggawa ce, kamar ashana ko nono idan ya yanke da dare, amma ba wurin cefanen iyali mai mutum biyar ba ce.

Kayan miya kuwa a halaga ake sayensu, wato babbar kasuwar kayan lambu. Mu a nan Makka Ka'akiyya muke zuwa, ku ma kuna da taku halagar a Jidda, kuma bambancin sayen tumatir da kwali da sayensa kilo-kilo a cikin unguwa ba ƙarami ba ne, musamman lokacin sanyi da amfanin gonakin ƙasar nan yake shigowa. Mu gida huɗu ne muke haɗa kuɗi, namiji ɗaya ya je da mota bayan sallar asuba, ya ɗauko tumatir, albasa, tattasai da dankali, a zube a tsakar ɗakina a raba. A ranar nake wanke tumatir da tattasai, in markaɗa, in ɗora a wuta har ruwan ya tsotse ya koma kamar rabinsa, in bari ya huce, sannan in zuba a ƙananan ledoji daidai miyar kwana ɗaya, in shimfiɗa su a firiza su daskare kamar faifai. Wahalar yini ɗaya ce, amma tana hutar da ni sayen kayan miya na makonni. Nama ma haka muke yi. Ragon Sawakini da ake kawowa daga Sudan ya fi Na'imi da Najdi sauƙin kuɗi, idan gida huɗu suka haɗu suka yanka ɗaya, kowa ya sami tsoka da ƙashi da kayan ciki, kuma ƙashin nan shi ne daɗin miya.

Akwai kuma wani abu da nake gani ga matan da ba su daɗe da zuwa ba, wato ɗaukar cewa abincin gida sai da kayan gida, har mace ta sayi ɗan ƙullin busasshiyar kuɓewa da tsada don kawai an ce daga Kano aka kawo. Yawancin abin da kike nema yana nan, suna kawai ya canja. Lalo shi ne mulukhiyya, kuɓewa bamiya, zoɓo karkade, tsamiya tamar hindi, gero kuma dukhun, kuma za ki same su a halaga ko a shagunan masu kayan ƙamshi. Shagunan Sudaniyawa suna sayar da dakakkiyar busasshiyar kuɓewa da suke kira weka, da niƙaƙƙiyar gyaɗa da suke kira dakwa, wadda ba dakuwarmu ta ciye-ciye ba ce, ta miya ce, kuma tana yin miyar taushe yadda ake so. Tuwo kuwa, shinkafar Masar mai gajeriyar ƙwaya tana tuƙuwa lafiya, haka ma samid, wato garin semolina. Kuka da daddawa ne kaɗai har yau ban sami madadinsu ba.

Baban Hanifa, Riyad:

Hajiya ta gama magana a kan kicin, ni kuma zan taɓo ɓangaren da mata da yawa ba sa ganin takardarsa, domin a wayar maigida take sauka. Tun watan Janairun 2018 kuɗin wutar gidaje ya koma halala 18 (halala 100 ce riyal ɗaya) a kan kowane kilowat, har zuwa kilowat 6,000 a wata, abin da ya haura haka kuma halala 30, sannan a ɗora dariba a kai, wato harajin VAT. Daribar nan ta fara ne da kashi 5 cikin 100 a 2018, aka mayar da ita kashi 15 a watan Yulin 2020, kuma tana kan wuta kamar yadda take kan shinkafa da sabulu. Yanzu ki ɗauki tsohon mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, irin na taga, wanda idan injinsa yana aiki yakan ja kusan kilowat 2 a awa. Idan ya yi awa 12 a rana, a wata ya sha kilowat 720, wato kusan riyal 130, da dariba kuma ya doshi 150. Na'ura ɗaya ke nan. Gidan da yake da uku, kuma ake barin su a kunne a ɗakunan da babu kowa, kuɗin buhunan shinkafa ne yake fita ta taga.

Abin da na yi a gidana shi ne na tsayar da sanyin a kan 24, na sa ana cire ragar da take tare ƙura ana wanke ta duk mako biyu, na toshe ƙasan ƙofofi, kuma da rana kowa yana zama a falo ɗaya. Sakhana, wato tukunyar ɗumama ruwan wanka, ina kashe ta gaba ɗaya idan zafi ya shigo, domin ruwan tankin da yake saman bene rana ta riga ta dafa shi. Ranar da za ku canja mukayyif ko firji, ku dubi takardar ingancin shan wuta da ake liƙa musu kafin ku dubi farashi, domin mai araha a kanti sau da yawa shi ne mai tsada a takardar wuta.

Game da manyan kantuna irin su Panda, Othaim, BinDawood da Lulu, suna fitar da rangwame mako-mako, kuma ya fi yawa a kusa da 27 ga wata, ranar da ake biyan ma'aikatan gwamnati. Mai, sukari, madara, omo da kaji daskararru a lokacin ya kamata a saye su. Sai dai ki riƙa raba farashi da nauyi da kanki, domin babban mazubi ba kullum ya fi ƙarami araha ba, kuma ki karanta rasit tun kafin ki bar ƙofa. Idan abin da aka rubuta a kan kanta ya saɓa da abin da aka caje ki, ki nuna musu, in kuwa suka ƙi gyarawa, Ma'aikatar Kasuwanci tana karɓar ƙorafi ta lambar 1900.

Ummu Sadik, Madina:

Ina neman afuwar Hajiya, amma ina so in ɗan ja burki a kan sayen kaya da yawa, domin ni ya taɓa cin kuɗina. Shekarar da muka zauna a Jidda na ga rangwame na sayi babban buhun shinkafa da na fulawa, na jingine su a lungun kicin. Jidda ba Makka ba ce, ba kuma Madina ba, tana bakin teku, iskarta da laima. Kafin wata biyu fulawar ta yi ƙwari, shinkafar ma na riƙa tsince ta a faranti kamar mai zaɓen wake, daga baya na haƙura na ba mai kiwon tantabaru. Wanda zai sayi buhu a garin nan sai ya tanadi robobi masu murfin da iska ba ta shiga, in ba haka ba buhun kilo 10 ya fi masa kwanciyar hankali. Haka nan kayan da ake cewa ka sayi ɗaya a ƙara maka ɗaya, a duba ranar lalacewarsu, domin nono da cuku da ya rage musu kwana uku ba riba ba ne ga gidan da ba zai shanye su ba.

Ni a ganina kwandon shara ya fi baƙala cin kuɗin gidajenmu. Binciken da hukumar hatsi ta ƙasar nan ta fitar a 2019 ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na abinci yana salwanta, kuma duk wanda ya leƙa bola a watan azumi ba ya bukatar a karanta masa rahoto. Mun zo mun koyi dafa kabsa, wato dafa-dukan shinkafar Larabawa, a babban tire kamar ana walima, mun manta da ɗumame, alhali a gida tuwon jiya shi ne karin kumallon yau kuma babu wanda ya ga kasawa a ciki. Ki sami kofi ɗaya ki riƙa auna shinkafa da shi har ki gane daidai cikin gidanki. Burodin da ya kwana a sa shi a firiza tun bai bushe ba, ragowar kaza kuma ta shiga taliyar gobe.

Tsohuwar Makka:

Gaskiyarki, Ummu Sadik, na manta da laimar Jidda, kuma abin da ya sa na ce a haɗu gida huɗu ke nan, don kada kaya ya daɗe a hannun mutum ɗaya. Na kuma ga ban ce komai a kan baƙi ba, alhali a nan Makka mu ne muka fi kowa sanin wannan. Baƙonka annabinka, ba za a taɓa ce miki ki rufe ƙofa ba. Amma ki lura da abin da yake cin kuɗin: ba baƙon ba ne, kunya ce take sa a aika a sayo shinkafar mandi da soyayyar kazar burosted da lemon kwalba, don kada a koma gida a ce an je wurin wance ba a ga komai ba. Mutumin da ya yi kwana goma yana cin shinkafar otal, babu abin da ransa yake so kamar tuwo da miyar kuka da man shanu, da kunun tsamiya mai zafi. Na sha ganin manyan alhazai sun ture tiren nama sun jawo kwanon tuwo. Kuma idan za su taso suka tambaye ki abin da za su riƙo miki, kada ki ce babu komai don kara. Ki ce kuka, daddawa da yaji, a busar da su sosai a ɗaure da kyau, ban da goro, wanda hukumomin alhazai suke gargaɗin kada a shigo da shi.

Maman Uku, Jidda:

Allah ya saka muku da alheri, Hajiya da sauran 'yan'uwa. Jiya da dare na ɗauko takardar nan daga kan firji, na sa maigida ya karɓo mini hoton shafukanmu na daftarin, muka zauna muka bi su layi-layi. Abin da ya fi yawa a ciki ba abinci ba ne: lemon kwali na yara, biskit, cakulan, ƙananan robobin ruwa da nono ƙarami-ƙarami da ake karɓowa sau biyu a rana. Ruwan kaɗai ya ba ni haushi, domin akwai shagon da ake cika galan a bayan layinmu, ban taɓa shiga ba. Mun biya mai baƙala yau da safe, kuma da maigida ya ce a rufe littafin sai mutumin ya yi dariya ya ce ba mu ne na farko ba. Na yi magana da maƙwabciyata ta hawa na biyu, Basudaniya ce, ta ce tana so a riƙa zuwa halaga da ita, har ta yi alkawarin nuna mini inda take sayen weka. Saura gida ɗaya ko biyu. Hajiya, ina da ƙarin tambaya: idan an yanka ragon nan, yaya kuke rabon kai da ƙafa da kayan ciki tsakanin gida huɗu ba tare da an sami ƙananan maganganu ba?