Hanyar Sakkwato zuwa Goronyo da Sabon Birni: masu bin ta, ku faɗa muna

Mai tambaya: Salamu alaikum. Za mu fara ɗauko albasa da tafarnuwa daga yankin Goronyo. Waɗanda suka san wagga hanya su taimaka da bayani, garuruwanta da wuraren da take cin mota.

Direban Kanta: Wa alaikumus salam. Daga Sakkwato za ka yi arewa maso gabas, ka biyo Achida. Gaba kaɗan hanyar Wurno ta rabu ta nufi gefen gulbi. A Marnona kuma akwai wadda ta yi hannun dama zuwa Isa ta dajin Gundumi. Wannan direbobi sun daɗe suna kauce mata saboda 'yan bindiga. Kai dai miƙe sai Goronyo, daga nan Sabon Birni. Ka cika tanki tun a Sakkwato. Man galan na bakin hanya yakan zo da ƙura ko ruwa, ya toshe filta, mota ta dinga shaƙewa in ta ji kaya.

Malamin Wurno: Alhaji ya faɗi daidai. Abin da zan ƙara, hanyar kwarin Gulbin Rima take bi, kuma tun kafin kwalta turba ce ta fatake da mayaƙa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya mai da Wurno ribaɗi, wato sansanin mayaƙa, don tsare Sakkwato daga Gobirawa, can ya rasu a 1837, can hubbarensa yake. Alkalawa, birnin Gobir da aka ci a 1808, kufanta na ƙasar Sabon Birni. Abin da ya ƙara wa hanyar nauyi a zamaninmu shi ne madatsar ruwan Goronyo, wadda aka gama a 1984, don ita ta faɗaɗa noman rani.

Bakanike: Gaskiya, Malam, ruwan nan shi ne arzikinta, shi ne ciwonta. Ƙasar rairayi ce. Da damina, musamman Agusta da Satumba, ruwa kan rarake ƙarƙashin kwalta a bakin kwalbati, sama lafiya lau, ƙasa kogo. In ka ga gefen kwalta ya tsage ya ɗan sunkuya, ko an kafa reshen itace a wurin, kar ka ɗora tayar baya a kai, bi tsakiya a hankali. Wanda ya ga ambaliyar 2010 ba ya wasa da wannan. Abin da aka fi kawo muna gareji: karyayyen sifirin, shokozoba da ta zubar da mai, da taya da ta fashe. Duk lodi ne ya wuce kima aka haɗa da rami. Ku riƙe safaya biyu, jak mai ƙarfi, da guntun katako na ɗora shi, don jak nutsewa yake cikin rairayi.

Ɗan kabu-kabu: Masu mashin, in babbar mota ta kore ku gefe kuka faɗa rairayi, kar ku damƙe birkin gaba. Rage giya kawai, ku riƙe kai miƙe.

Dillalin albasa: Ranar kasuwa ce lissafi. Achida Laraba take ci, Goronyo Lahadi. Ranakun nan hanya cike take da raƙuma, jakuna da amalanke, raƙumi kuwa bai san odar mota ba. A yi lodi da sanyin safiya cikin buhun algarara, a bar iska na ratsawa. Kar a shaƙe albasa da tampol na leda cikin rana, gumi za ta yi, kafin a sauke ta fara ruɓa daga tsakiya. Wadda ba ta sha iska wuyanta ya bushe ba, kar ma a ɗora ta.

Direban Kanta: Na manta ɗaya. Daga Goronyo zuwa gaba, a tambayi 'yan tasha labarin hanya kafin a tashi, a bi ayarin motoci, kuma a lissafa dawowa kafin la'asar sakaliya.