Ruwa ya ɗauke amma ƙasa ta tsage a bayan gidanmu, mu tashi ko mu zauna?

Uwar_Biyu

Salam jama'a, dan Allah masu sani ku taimaka min da shawara don wallahi jiya ban runtsa ba. Gidan da muke ciki a gindin wani tudu yake mai gangara sosai, ta gaba kuma kogi ne, tafiyar da bata kai minti biyar a ƙafa ba. Kwana uku ana ruwa kamar da bakin ƙwarya sai jiya da la'asar ya ɗauke. Yau da safe na zagaya baya zan yi shanya sai naga ƙasa ta tsage can sama da katangarmu kaɗan, tsaga doguwa a kwance, na zura hannu ya shige har wuyan hannu. Ƙofar ɗakin baya ta cije sai da aka sa kafaɗa, ga wani ruwa ja mai laka yana tsattsafowa ta gindin katangar inda bamu taɓa ganin ruwa ba, kuma wata bishiya da na sani a tsaye yau ta ɗan karkato wajenmu. Shi kuma kogin maimakon ya ja baya ƙaruwa yake, dutsen da yara suke hawa su zauna ya nutse gaba ɗaya.

Maigida yace tunda ruwa ya ɗauke ai an wuce wurin, shekara tara muna nan ba abinda ya taɓa faruwa. Ni kuma hankalina yaƙi kwanciya, ga yara biyu ƙanana ga Mama surukata da bata iya tafiya sai an riƙe ta. Shin tsoro ne kawai yake damuna ko da gaske akwai haɗari? Kuma me yasa kogi zai riƙa cika bayan ruwa ya tsaya?

Mai_Awon_Ƙasa

Wa alaikis salam 'yar'uwa. Ba tsoro bane, ku tashi yau kafin magariba, kar ku kwana a gidan nan. Na fara da wannan ne don ko baki karanta sauran ba ki ga shi.

Abubuwa huɗun da kika lissafa, tsaga a kwance a saman gangare, ƙofa ta cije, sabon ruwa mai laka yana fitowa, bishiya ta karkata, kowanne shi kaɗai ana iya samar masa wani dalili, amma su haɗu rana ɗaya bayan kwana uku ana ruwa, to gangaren ya fara motsi kenan. Abinda mutane basu gane ba shine ruwan da yake zaftare ƙasa ba wanda muke gani yana gudu a sama bane, wanda ya nutse ciki ne. Ƙasar tudu tana zaune ne saboda ƙwayoyinta sun cije juna, idan ta sha ruwa ta ƙoshi sai ruwan ya cika duk 'yan kafofin da ke tsakaninsu yana tura su, riƙon ya saki, ga kuma nauyi ya ƙaru don ruwa ba ƙaramin nauyi gare shi ba, lita dubu tan guda ce cur. Kuma wannan nutsewar a hankali take yi, shi yasa sau da yawa sai ruwa ya ɗauke da awanni ko ma kwanaki sannan ƙasar ta taho, lokacin da kowa ya saki jiki. Ki gaya wa maigida da ladabi cewa shekara taran da kuka yi lafiya bata san da tsagar da ta fito yau ba.

A Freetown ta Saliyo, ranar 14 ga Agusta 2017, bayan kwanaki ana ruwa gefen dutsen Sugar Loaf ya zaftaro kan unguwar Regent da sassafe mutane da yawa suna cikin gidajensu, sama da mutum 1,000 suka mutu ko suka ɓace. Laka da duwatsu idan suka taho a gangare sun fi mutum gudu nesa ba kusa ba, wanda yake barci bashi da dama, balle mai ɗauke da tsohuwa da yara biyu.

Maganar kogi kuma, ruwan da kike gani yanzu ba na garinku bane, wanda ya sauka can sama ne a kan tuddai da ƙoramu yake tattaruwa yana isowa, ƙaramin kogi cikin awanni, babba kuma kwanaki ko fiye. Kogin Neja ma a Yamai yana sake cika wajen Disamba zuwa Janairu lokacin da babu ko ɗigon ruwan sama a wurin, ruwan da ya sauka a tsaunukan Gini ne watanni baya yake isowa. To kinga sama ta washe a kanki ba ya nufin komai. Ki kafa sanda ko ki sa alama a wani dutse daga nesa ki riƙa dubawa duk bayan awa, zaki san hawa yake ko sauka.

Wani abu guda da nake so kowa ya riƙe, idan akwai ƙorama da take saukowa daga tudun sai kuka ga ruwanta ya ragu farat ɗaya alhali ba dalili, ko ya rikiɗe ya zama laka da karikitai, kar ku yi murna, wataƙila ƙasa ce ta toshe ta a sama ruwa yana taruwa a baya, in ya ɓalle gaba ɗaya zai zo. Haka in kuka ji rugugi kamar tirela tana tahowa ko ƙarar karyewar itatuwa da duwatsu suna gwaruwa, ba tsayawa kallo, ku gudu ta gefe ku fita daga hanyarsa, kada ku bi gangaren ƙasa don ta nan zai bi.

Ki ɗauki hoton tsagar daga inda kike ba sai kin sake hawa ba, ki kira hukumar agajin gaggawa ta yankinku, kuma ki sanar da maƙwabtan da suke ƙasa da ku da na gefenku.

Abu_Sadiq77

Ni dai a ganina kar a ɗaga mata hankali da yawa Malam. Akwai ƙasar yumɓu da take kumbura da damina ta sa ƙofa ta cije, ƙofar katako ma da kanta tana kumbura in ta sha danshi. Kuma barin gida ba wasa bane, wa zai tsare kaya? Me zai hana su cike tsagar da ƙasa su rufe da leda su ga abinda hali zai yi.

Mai_Awon_Ƙasa

Gaskiya ne ɗan'uwa, ƙofa kaɗai ba hujja bace, da ita kaɗai ta faɗa da nima haka zan ce. Amma danshi baya karkatar da bishiya. Rufe tsaga da leda yana rage ruwan da zai ƙara shiga, sai dai aikin da ake yi ne bayan wanda ya san aikin ya duba yace wurin zai hawu, ba yanzu da ƙasar take jiƙe sharkaf ba. A yankin Gofa na kudancin Habasha a Yulin 2024 ƙasa ta zaftare ta binne mutane, jama'a suka taru suna tono da hannu da shebur don ceto su, sai ta biyu ta zo ta rufe masu ceton, sama da mutum 200 suka rasu. Gangaren da ya motsa sau ɗaya ba'a yarda dashi. In sun kwana biyu a wani wuri ya zama ba komai, me suka rasa?

Tsohon_Direba

'Yata Allah ya tsare ku. Ni ban san ilimin ƙasa ba amma na yi shekara talatin da wani abu a kan sitiyari, zan miki magana a kan fitar, don mutane da yawa ba a gida ruwa yake cin su ba, a hanya ne. In hanyar da zaku bi ta ratsa kwalbati ko ƙaramar gada kuma ruwa ya hau kanta, ku juya, ko da gidan da zaku je kuna hango shi. Ruwa mai gudu da bai wuce santimita 15 ba, ɗan sama da idon sawu kenan, yana kayar da babban mutum. Santimita 30 yana ɗaga ƙaramar mota, 60 kuwa har jif yake tafiya da ita. Kuma ruwan ja ne baka ganin ƙasansa, kana zaton kwalta tana nan ashe ya cinye ta ta ƙasa ya bar rami.

Da idona na taɓa gani, muna tsaye a layi bakin wata kwalbati muna jira ruwa ya janye, wani yaro mai ƙaramar mota ya gaji da jira ya zagaye mu ya shiga, bai kai tsakiya ba injin ya mutu, sai muka ga bayan motar ya ɗago yana juyawa a hankali kamar kwale-kwale, shi kuma yana ta tura ƙofa taƙi buɗuwa saboda ruwa ya danne ta. Allah ya sa gilashinsa a sauke yake, ta nan ya fito ya hau saman motar aka jefa masa igiya. Har yau ina tuna yadda hannunsa yake rawa ya kasa riƙe igiyar. Don haka in tsautsayi ya sa mota ta mutu a ruwa kuma yana hawa, a kwance bel, a sauke gilashi tun wuta bata ɗauke ba, a fara fitar da yara, a manta da waya da jaka.

Kuma ku tafi da rana. Ambaliyar kwarin Ahr a Jamus a Yulin 2021 da ta Derna a Libiya a Satumbar 2023 duk cikin dare suka yi ɓarnarsu. Mama ku fara kai ta tun yanzu da sauran haske, ita ce mai buƙatar lokaci.

Malamar_Jinya

Yaya, ki haɗa magungunan Mama duka da katin asibitinta, takardun gida da na makarantar yara ki ƙulle a leda biyu, tocila, caja da fawa bank, ruwan sha. Kafin ku fita a kashe wuta daga mita a rufe gas, amma in ƙasan wurin akwai ruwa kar kowa ya taɓa. In kun dawo kuma ruwa ya shiga unguwa kar ku sha na rijiya sai an tafasa, don ambaliya tana haɗe rijiya da masai, daga nan kwalara take farawa, kuma yara kar su yi wasa a ruwan nan ko da ya kwanta, ga raunuka ga macizai da suke neman busasshen wuri cikin kaya da takalma. Duk wanda ya fara gudawa kamar ruwa a fara bashi ruwan gishiri da sukari (ORS) nan take a kai shi asibiti.

Uwar_Biyu

Nagode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Na nuna wa maigida abinda kuka rubuta, bai ce komai ba ya fita ya leƙa bayan daga bakin katanga, ashe tsagar ta ƙara buɗewa kan yadda na ganta da safe har ɓangaren ƙasa ya ɗan zauna ya yi kamar matakala. Shi da kansa ya dawo yace in haɗa kaya. Mun kai Mama da yara gidan yayarsa da yake can kan fili nesa da kogin, mun bi doguwar hanya saboda maganar Baba direba, gadar kusa ruwa ya kusa taɓa ta. Maƙwabta gida biyu sun tashi, na ukun sun ƙi, dattijon gidan yace ba inda zashi, matarsa kuma tana ta kallona kamar tana so ta biyo mu da yaran. Hukumar mun kira sun ce zasu turo a duba amma basu faɗi yaushe ba. Malam mai awo dan Allah me zan ce wa dattijon nan da zai ji? An ce akwai wani hadarin gobe da dare.

Mai_Awon_Ƙasa

Alhamdulillah da kuka fita. Kar ki je ke kaɗai kuma kar ki yi masa gardama, maigidanki ya samu wani babba da yake jin nauyinsa su je tare tun da safe, a nuna masa hoton safe da na yamma a jere ya ga bambancin da idonsa. In ya dage, a roƙe shi ya bar matar da yaran su kwana wajenku, shi kuma ya kwana a ɗakin da ya fi nisa da tudun, da takalmi da tocila a kusa, wayarsa a kunne. Ki sake kiran hukumar ki faɗa musu ƙarara cewa tsagar tana ƙaruwa kuma akwai yara a gidan da ke ƙarƙashinta.