Ina rage ƙiba, kayana duk sun zama buhu: yaya zan yi da sutura?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah a ɓoye sunana.

Ni matar aure ce a Kano, yarana huɗu, ina koyarwa a makarantar firamare. Wata takwas da suka wuce likita ya ce sugana ya fara hawa, ga gwiwa ta matsa min, ya ce in ban rage jiki ba sai dai in hau magani. Lokacin kilo 104 nake. Na bar lemon kwalba, na rage tuwon dare, kullum bayan asuba ni da maƙwabciyata muna zaga unguwa. Alhamdulillahi yau ina 89, kuma likita ya ce da sauran tafiya, mu nufi wajen 78.

To ga inda gizo ke saƙar. Kayana kaf sun yi min yawa. Rigar leshin da na ɗinka a bikin ƙanwata, wuyanta yanzu zazzagowa yake har kafaɗa. Siket kuwa da fil nake kama shi. Ranar Litinin ina tsaye gaban 'yan aji uku na ɗaga hannu zan yi rubutu a allo, sai ji na yi fil ya ɓalle, Allah ya so ni da hijabi har ƙasa. Wata biyu da suka wuce na daure na ɗinka kala biyu, yanzu su ma sun fara lilo a jikina, kuɗin ya tafi a banza. Abin da ya fi ci min rai, duk wadda ta gan ni cikin kayan nan sai ta ce, "Wance lafiya kuwa? Kin rame, ko maigidan ne zai ƙaro miki ƙanwa?" Alhali ni na fi shekara goma ban ji daɗin jikina kamar yanzu ba.

Ina da turmi uku a akwati da na samu a sunan autana, ɗaya sufa ce. Ga ankon bikin 'yar yayar maigida nan da wata uku. Maigida yana iya ƙoƙarinsa, amma kun san yadda rayuwa ta koma. In yanka atamfofin nan ne ko in jira? Tsofaffin kayan in kai a rage ko in rabar? Ina ake samun na sawa masu sauƙi kafin jikin ya tsaya? Ku taimaka min da shawara.

Mai ɗinki, daga Zariya:
Wa alaikumus salam. Barkanki da ƙoƙari 'yar'uwa, kilo 15 ba wasa ba ne. Shekarata 17 a kan keke, bari in faɗa miki abin da nake faɗa wa kwastomomina. Sufar nan ki mayar da ita ƙasan akwati, almakashi kada ya taɓa ta sai kin yi wata uku sikeli bai motsa ba. Wanda ke kan hanya ba ya gina ɗaki a tasha.

Tsofaffin kuma ba duka ake ragewa ba. Ki zube su a kan gado ki ware. Duk rigar da kafaɗarta ke zaune daidai, jikin ne kawai ya yi yawa, wannan aikin minti goma ne, a kama gefe da gefe. Amma fa akwai iyaka: in abin da za a cire ya wuce inci biyu a kowane gefe, hammata za ta sauko, hannu ya yi wani iri, sai an farke hannun gaba ɗaya an sake yanka shi, kuɗin aikin ya kusa na sabon ɗinki. Wuyan da ya yi faɗi shi ne ba shi da magani mai sauƙi, domin abin da aka yanke an yanke. Leshin naki sai dai a sa masa wani yadi a zagaye wuyan kamar ado, in telar ta iya ba mai ganewa. Kuma leshi mai duwatsu da shafi a ciki ki sa ran za a caje ki da yawa, aiki biyu ne, ga karya allura.

Siket kada ki yarda a yi ta kama shi duk wata. A cire zif ɗin, a yi masa kubaka a zura tazuge irin na wandon maza, ko roba mai faɗi. Kina ramewa kina ƙara ɗaurewa. Mazanmu sun daɗe da gano wannan dabara, shi ya sa ba ki taɓa jin namiji yana kukan wandon kaftani ya yi masa yawa ba.

Wata uwa, daga Katsina:
Ɗiyata, ke da kike da zani me ya kai ki kuka? Mu da muka tashi, da zani ɗaya mace ke yin goyon ciki, ta haihu, ta yi jego, ta yaye, ba ta taɓa kai shi wajen tela ba. Yadi biyu ne, ba ruwanshi da ƙiba ko rama. Duk kayanki masu riga da zani, zanen da ɗankwalin suna nan lafiyarsu lau, rigar ce kaɗai matsala. Ki sayi yadi maras ado, baƙi da ruwan toka ko ruwan madara, a yi miki riguna biyu ko uku marasa kama jiki, za su hau kan zannuwa goma. Ku 'yan zamani ne kuka ɗaure kanku da siket da ɗinkin matse jiki. Allah ya ƙara lafiya.

Mai sana'ar gwanjo, daga Kano:
Hajiya ki sauke girman kai ki shigo kasuwar Kofar Wambai, kayan gwanjo na nan. Na faɗi haka ne don na san da yawa suna jin kunya, alhali wallahi manyan mata da motocinsu suke zuwa, su saya su kai wanki da guga, ki gani a jikinsu ki ɗauka daga Dubai aka kawo. Dogayen riguna, siket na roba, rigunan shan iska na zaman gida, wandon motsa jiki na sawa ƙarƙashin hijabi, duk akwai.

Abin da za ki kiyaye: ki sami mai shago ɗaya ku saba, ki karɓi lambarsa ya riƙa gaya miki ranar da zai fasa dila. Ranar ake tsintar na kirki, amma ranar ce kuma suka fi tsada. In sauƙi kike nema, ki bari kwana biyu ya wuce, abin da ya rage ana karya shi. Ke kuma da za ki sa na wata uku ki wuce, ba sai kin nemi na farkon zaɓi ba.

Kada ki yarda da lambar da ke wuyan riga. Wadda aka rubuta 16 daga Ingila ita ce wajen 12 a lissafin Amurka, na Chana kuma su ƙanana suke yi, ki ga an rubuta XL ta ƙi shiga. Ki sa tela ta auna ki, ƙirji da ƙugu da mazaunai, ki rubuta a takarda, ki tafi da tef ɗinki a jaka. Ki shimfiɗa rigar ki auna daga hammata zuwa hammata ki ninka biyu. Ki ɗaga ta a rana ki duba huji da tabo, musamman hammata da bakin zif. In kin kai gida a jiƙa da Dettol, a wanke, a shanya a rana sosai, a goge.

Gaskiya ɗaya dai, gwanjon ma ba kamar da ba. Ta Kwatano da Nijar yawanci yake shigo mana, tun rufe boda na 2019 ya fara tashi, aka zo 2023 aka cire tallafin mai, dala ta haura, dila ta yi tsadar da mu kanmu muna jin jiki. Duk da haka bai kai turmi da kuɗin ɗinki ba.

'Yar Kaduna:
Mu nan Kasuwar Barci muke zuwa, kuma duk abin da ta faɗa haka yake. Abu ɗaya zan ƙara da ba wadda ta ambata: rigar nono. Ita kam kada ki yi mata rowa, ki sayi sabuwa daidai jikinki na yanzu ko da guda biyu ne. Rabin "kin rame, kin lalace" da ake ce miki daga nan yake. Ni da na canza, da tsohuwar rigata a jikina aka fara ce min na yi kyau.

Wata 'yar'uwa, daga Maraɗi:
Sannu da ƙoƙari. Mu nan bosho muke ce ma gwanjo, kuma muna sawa ba kunya. Amma ni shawarata bubu. Ki ɗauki turmi guda cikin biyun da ba sufa ba, a yi miki bubu mai faɗi. Yau ya yi miki, in kin kai 78 ma ya yi miki, don shi daga kafaɗa yake zubowa. Ki dai ce ma tela ta tsuke wuyan, kada ta buɗe shi. Anko ma haka za ki yi, kuma in sun matsa sai ɗinkin da ya kama jiki, kada ki ba da awo sai saura sati biyu biki.

Wadda ta taɓa bin hanyar:
Ni kam ba zan ce ki rabar da kaya ba. Shekara uku da suka wuce na sauke kilo 20, murna ta sa na kwashe kayana kaf na rabar, har da shaddar da ban sa sau uku ba. Sai ga ciki. Bayan na haihu rabin abin da na sauke ya dawo, na rasa na fita unguwa, ina ganin kayana a jikin mutane a gidan suna. Ba fata nake miki ba, amma ke ma mai haihuwa ce. Ki ajiye kala uku masu kyau a ƙasan akwati. Waɗanda za a rage kuma ki ce kada a yanke rarar, a kalmashe ta ciki.

Mai ɗinki, daga Zariya:
Maganarki haka take, sai dai a sani atamfa in ta sha wanki, ranar da aka saki ɗinkin za a ga layi, wajen ya koɗe, cikin bai koɗe ba. Shadda kuma sawun allura ba ya ɓacewa. A leshi da yadi mai duhu ne dabarar ta fi tafiya.

Wata daga Gusau:
A'a ni kam ban goyi bayan ajiyewa ba. Duk ranar da kika buɗe akwati kika gan su, zuciya za ta ce ai ko na koma ina da na sawa. Ki kira dillaliyar unguwarku ta ɗauki masu kyan, leshi da shadda suna da kasuwa in ba su koɗe ba. Ku yi ciniki a kan la'adarta tun kafin ta fita da su, ki kuma rubuta abin da kika ba ta, don kuɗin dillaliya a guntu-guntu yake dawowa. Abin da ya shigo ki yi gwanjon da shi, kin ga ba ki taɓa albashi ba. Atamfofin da suka sha jiki a yanka wa 'yan matanki, rigar uwa ɗaya tana fitar da ta yarinya har da ɗankwali. Sauran ki bayar kwance, akwai masu jira.

Ma'aikaciyar jinya:
Kilo 15 a wata takwas tafiya ce mai kyau, kusan rabin kilo a sati, haka ake so. Da wannan lissafin sauran 11 ɗin za su iya cin wata biyar ko shida, kuma na ƙarshe sun fi taurin kai, don haka ki shirya wa canjin awo sau ɗaya ko biyu nan gaba. Don Allah kada gaggawar shiga anko ta sa ki sha shayin rage ƙiban da ake tallatawa a waya, yawanci gudawa da fitsari kawai yake sawa. Ki ci gaba da zuwa awon suga.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai 'yan'uwa, Allah ya bar zumunci. Jiya da daddare na zube kayan a gado kamar yadda Anti mai ɗinki ta ce, kala 23 na ƙirga, ni kaina ban san sun kai haka ba. Bakwai kafaɗarsu na nan daidai, su zan kai a kama, siket huɗu za a sa musu tazuge. Zannuwa tara na ware, Mama ta Katsina kin yi gaskiya, ko ɗaya ba abin da ya same shi. Leshi biyu da shadda ɗaya dillaliya za ta zo ta gani ranar Alhamis. Maganar ajiyewa kuma na rasa bayan wa zan bi, sai na ajiye kala biyu na ba wa Yaya ta riƙe min a gidanta, inda ba zan riƙa ganinsu ba. Sufa ta koma akwati. Mai gwanjo, don Allah ki duba saƙonki, ranar Asabar in Allah ya kai mu zan shigo Wambai da tef ɗina, amma da niƙabi zan zo, kada in haɗu da iyayen ɗalibaina.