Irin kiri-kiri na ƙin tsirowa, me ake yi masa kafin shuka?

Mai Lambu, Arkilla, Sakkwato: Salamu alaikum. Za a shimfiɗa ciyawar ado ta kiri-kiri a fili mai mita 10 sau 10, ƙasar rairayi ce. Wane gyara ake yi wa irin don ya fito tare, ba tsilli-tsilli ba?

Malamin Gona: Wa alaikumus salam, Malam. Fara duba irin. Wanda aka cire wa ɓawo yakan tsiro cikin kwana 7 zuwa 14, mai ɓawo kuwa sai ya kai mako uku ko huɗu. Ƙirga ƙwaya 100 ka baza kan jiƙaƙƙen tsumma, kada ya bushe. In bayan mako biyu (ko mako huɗu ga mai ɓawo) rabi bai fito ba, canza iri.

Sai jiƙo. Zuba giram 2 na fotasiyam naitiret (wani nau'in takin zamani) cikin lita ɗaya ta ruwa, ka ɗaure irin a ƙyalle ka tsoma awa 12 zuwa 24. Wannan yana tada irin da bai daɗe da girbi ba. In ba ka samu ba, ruwa zalla ma ya yi, amma kada a sa kanwa a madadinsa. In irin ya wuce kwana guda cikin ruwa, sai iska ta yanke masa, ya fara tsami. Tsame, baza a inuwa har ya daina manne wa hannu, ka shuka ranar.

Hajiya Mai Furanni: Ƙari kan bayanin Malam: irin da ya zo da rufin launi daga kamfani ba a jiƙa shi, rufin narkewa yake ya dunƙule. Kuma filinka giram 500 zuwa kilo ɗaya ya ishe shi. Cuɗa da busasshen rairayi ninki huɗu, don ƙwayar ƙanana ce ƙwarai.

Ɗan Fadama: Yallaɓai, a Sakkwato yawanci ba jiƙon ke kashe iri ba, abin da ke biyo baya ne. Irin da ya sha ruwa ya farka, in ƙasa ta bushe masa yini ɗaya shi ke nan. A Afrilu zafi na haura digiri 40, saman rairayi na bushewa kafin azahar. A hunturu kuma sanyin dare na sa shi nawa. Jira ƙarshen Yuni ko Yuli, damina ta zauna. Kada ka binne fiye da rabin santimita, yana son haske. Danne da katako, yafa ruwa kaɗan-kaɗan sau uku ko huɗu a rana, kuma ka nemo ramukan tururuwa tun kafin shuka, don kwashe iri suke yi.